Galan a Kan Motar Alhaji Hashimu

Wata rana Sallau ya gogi bayan motar Alhaji Hashimu da keke-napep ɗinsa, keken da marigayi yayansa ya bar masa. Motar tana ajiye a bakin titi da galan a samanta, alamar ta sayarwa ce. Alhaji ya zare makullin keken.

Bakanike ya shiga ƙarƙashin motar, ya auna shasi da igiya, ya fito. "Alhaji, fenti ne kawai ya goge. Shasi sambal yake."

"Ya lanƙwashe," in ji Alhaji. "Irin lanƙwasar da igiya ba ta ganowa. Kai yaro, miƙar min da shi, ko keken ya zama nawa."

Sallau ya dubi galan, ya dubi dillalan da suka taru, ya ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, wane ni in ƙaryata mai mota? Jama'a ku shaida, shasin motar nan ya lanƙwashe, Alhaji da bakinsa ya faɗa. Mai saye ya sani."

Dillalai suka fara zamewa.

"Ku dawo," in ji Alhaji. "Shasin lafiyarsa ƙalau."

"Alhamdu lillahi, ya miƙe," in ji Sallau, ya tara hannu. "Makullina, ranka ya daɗe. Ladan gyaran kuwa na yafe."