Lissafin da Badamasi Ya Datse

Akwai wani injiniya mai suna Badamasi da aka turo Runka ya haɗa na'urar da za ta riƙa sarrafa famfon sola da kanta. Famfon nan shi ne ruwan gari. In ya tsaya, sai rafin bakin daji, inda 'yan bindiga ke kai-komo.

Cikakken lissafin gudun ruwa a bututu yana da abubuwa arba'in, ƙaramar na'urar kuwa ba za ta ɗauka ba. Sai ya datse, ya bar uku.

Abokiyar aikinsa, Injiniya Ramlat, ta lissafa iyakar kuskuren da datsewar za ta iya jawowa, ta kira shi daga Safana.

"Malam Badamasi, da uku, kuskuren matsin ruwa zai iya kai kashi ashirin cikin ɗari. Bututun nan goma kawai zai jure. Ka bar shida, kuskuren ba zai wuce biyar ba."

Ya yi dariya. "Haba Hajiya! Kwana uku ina gwadawa, bai wuce kashi biyu ba."

"Gwajinka abin da ya faru ya nuna. Ni mafi munin abin da zai iya faruwa nake gaya maka."

"Lissafin takarda ne," in ji shi, ya kashe waya. Bawan Allahn nan akwai taurin kai!

Ashe da kan famfo ɗaya ya yi gwajinsa. Makiyayan Runka kuwa, saboda tsoro, tare suke shayarwa. Su buɗe kawuna takwas lokaci guda, su rufe lokaci guda, kowa ya koma kafin la'asar.

Ranar da na'urar ta fara aiki, Badamasi na tsaye makiyayan suka rufe kawunan takwas lokaci guda. Allurar ma'aunin matsin ruwa ta yi sama, na'urar ba ta ankara ba, inji ya ci gaba da turo ruwa. Kafin Badamasi ya kai ga makunni, babban bututu ya fashe.

Kayan gyara sai daga Katsina, kwana huɗu.

A rana ta uku ƙishi ya galabaitar da shanun wani dattijo, Yero, dole ya kora su rafi. Da yamma ya dawo daga shi sai sandarsa, 'yan bindiga sun kore shanun. Ya tarar da Badamasi cikin rami yana tono bututun da ya fashe.

"Injiniya, yi a hankali," in ji Yero. "Ni dai yanzu ba ni da abin shayarwa."

Badamasi ya kasa ɗago kai, hawaye na zuba.

Darasi: Taƙaita abu ba laifi ba ne, amma ka san iyakar kuskuren da ka ɗauko, kuma ka saurari mai nuna maka ita, don sau da yawa wani ne ke ɗanɗana kuɗar gangancinka. Ku tura wa duk wanda jama'a suka dogara da aikin hannunsa.