Aljanin da Ya Haɗiye Buƙatun Tabawa

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata mata ce, Tabawa, da 'yarta Ladidi. Tabawa akwai mita. Kullum daka, kullum itace, ta gaji. Ta je gindin tsamiya ta ce, "Aljanin tsamiya, raba ni da buƙata!"

Aljani ya ce, "Buƙatar ɗan Adam kashi uku ce: ta ciki, ta fata, ta zuciya. Wacce zan haɗiye?"

Ta ce, "Ta ciki." Ya haɗiye, ƙwat! Ba yunwa, ba ƙishirwa. Murhu ya mutu, maƙwabta suka daina zuwa ɗiban wuta.

Washegari ta ce, "Ta fata." Ƙwat! Ba sanyi, ba zafi. Ruwa ya rushe ɗakinta, ko a jikinta.

Rana ta uku ta ce, "Ta zuciya." Ƙwat!

Ladidi ta zo ta ce, "Inna, yunwa nake ji." Tabawa ta dube ta kamar ta ga turmi, ta ce, "Ke kuma 'yar wace ce?"

Innalillahi! Yara, uwa fa! Ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi.

Ladidi ta ruga gindin tsamiya. Me za ta gani? Aljani na karkarwar sanyi, cikinsa na ƙugi, hawaye shaɓe-shaɓe. Abin da ya haɗiye ya kama shi. Yana hango ta ya ce, "'Yata! Zo kusa da ni!"

Ladidi ta riƙe baki. Can ta ce, "Baba aljani, kai ka kasa buƙata kashi uku, ni biyu na sani: wadda mutum ke biya wa kansa, da wadda sai wani. Yunwa, ci tsamiya. Sanyi, shiga kogo. Amma ta zuciyar nan sai ni, kuma ba zan zo ba."

Ta juya. Taku ɗaya, ya kira ta. Taku biyu, ya yi kururuwa. Taku uku, ya kasa daurewa, ya amayo buƙatun duka.

Tana isa gida ta hango hayaƙi. Ga Tabawa a ƙofa, ba ɗankwali, tana kuka: "Ja'ira, ina kika shiga? Na karaɗe gari ina nemanki!" Ladidi ba ta taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

Kowa ya ce ba ya buƙatar kowa, yara, ku tausaya wa 'ya'yansa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ke mai gyangyaɗi, tashi, uwarki na nemanki.