Ragamar Gidan Inna Hansatu

To, ku matso ku kasa kunne, don yau ku ne alƙalai.

A wani ƙauye na bakin kogi an yi wata mata, Inna Hansatu. Tun da ruwa ya ci mijinta ta rungume 'ya'yanta uku, Shekarau da Lantana da autansu Gambo, ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kansu. Har suka girma ba mai yanke shawara sai ya leƙa ɗakinta.

Wata shekara bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, ta zauna tana bitar yadda shekarar ta wuce. Sai ga Shekarau, da gemunsa da komai, ya zo tambayar rigar da zai sa zuwa ɗaurin aure. Ta yi dariya, amma ta gane gatan da ta yi musu ya yi yawa. Ta tara su ta ce, "Ni ba dawwama zan yi ba. Shekarar da za mu shiga, kowa ya zaɓi abin yi, ya tsaya da ƙafarsa. Kada wanda ya ƙara tambayata."

Shekarau ya zaɓi noman shinkafa a fadama. Lantana ta haye gari koyon aikin jinya. Gambo kuwa ya ce tuƙin kwalekwale. Hansatu ta buɗe baki za ta hana, sai ta haɗiye maganar, ta ce, "Allah ya tsare."

Tsakiyar damina ta fita tsinkar rama a fadama da hantsi, maciji ya sare ta a ƙafa. Ta faɗi cikin ciyawar da ta fi mutum tsawo, ba mai jin kiranta.

Da rana ta take ba ta dawo ba, mutane suka bazama nema, suka rasa. Shekarau, da ya shekara yana ratsa fadamar nan, shi ya gane inda ciyawa ta kwanta. Ya tarar da uwar a wurin, ya goya ta, ya keta taɓo har gwiwa zuwa bakin ruwa, don asibiti yana hayin kogi.

Kogi ya tumbatsa, manyan matuƙa duk sun ɗaure jiragensu. Gambo ya kwance nasa. Da ƙyar Hansatu ta ce, "Auta, kada ka shiga." Ya ce, "Inna, ai ban tambaye ki ba." Ya yi ta kokawa da igiyar ruwa har suka haye.

A hayi Lantana ta tarye su. Da ganin kumburin da jinin da ke tsatsafowa a dasashi ta gane irin dafin. Ta san asibitin da ke da maganinsa, ta rungume uwar a kan babur har can, aka yi mata allura kafin lokaci ya ƙure.

Hansatu ta tashi, sai dai ƙafar ta bar mata ɗingishi, ƙarfi kuma ya ragu. Ta ga lokaci ya yi da za ta miƙa ragamar gida ga ɗaya daga cikinsu, ta koma gefe tana sa albarka. Ta dubi wanda ya nemo ta, ta dubi wanda ya haye da ita, ta dubi wadda ta kai ta ga magani. Duk ukun sun cika mata ido, ta rasa wanda za ta zaɓa.

To, ku da kuka ji, wa za ta miƙa wa?