Daƙiƙa Biyun da Darakta Ya Yanke

Akwai wata ɗaliba a ajin ƙarshe na sashen zane da kwamfuta, tana da in'ina mai tsanani. Kafin ta kai ƙarshen sallama, an amsa an wuce.

Aikin kammala karatu ya haɗa ta da wani da ya raɗa wa kansa suna Darakta. Bidiyon waƙa za su yi na katun, wani tsohon direba yana rera waƙa a motarsa. Dokar kuwa ita ce, duk wanda sunansa bai fito a bidiyon ba, sai ya maimaita shekara.

Darakta ya ɗauki launi da surutu. Ya bar mata aikin da kowa ke gudu, wato daidaita bakin direban da waƙar. Hoto ashirin da huɗu a kowace daƙiƙa, waƙa minti uku. Wata huɗu tana kai, har idanunta suka fara ruwa.

In ta zo bayani sai ya kwaikwayi maganarta. Wata rana a ɗakin kwamfuta ya ce, "Wadda ta kasa da bakinta ce ke gyara bakin wani." Aka kwashe da dariya. Ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta dawo ta ci gaba.

A farkon bidiyon, sunan kowannensu na fitowa daƙiƙa biyu. Ana gobe miƙawa Darakta ya yanke nata, ya gaya wa malami ba ta taɓuka komai ba. Ta je kare kanta, kalmar farko ta maƙale, malamin ya duba agogo ya ce yana da taro.

Ranar nunawa ta zauna can baya.

Ashe da Darakta ya yanke sunan, hotunan sun matso gaba, waƙar kuma tana inda take. Shi ko sake kallo bai yi ba. Direba ya riƙa wangale baki babu murya, sai ya rufe sannan waƙa ta fito. Zauren ya kaure da dariya.

Baƙuwar malamar da ta zo ba da maki ta tambayi wa ya daidaita bakin. Darakta ya ce shi ne. Ta ce, "To, gyara mana yanzu." Ya ja nan, ya danna can, ya ƙara dagula abin.

Ɗalibar ta miƙe da filas ɗinta na kwamfuta mai ɗauke da ainihin bidiyon, ta fara bayani. Wani ya fara kwaikwayonta, malamar ta ɗaga hannu ta ce, "Ku bari ta gama."

Ta daɗe kafin ta gama, amma ta gama. Aka kunna nata, baki da waƙa suka zauna daram, ga sunanta a farko.

Da ƙaryarsa ta fito fili, Darakta ne ya maimaita shekara. Duk inda ya gifta, ɗalibai sai su wangale baki shiru, su ƙirga biyu, sannan su gaishe shi.

Darasi: Kada ka goge sunan wanda aikinka ke tsaye a kan guminsa, kada kuma ka ɗauki nauyin baki a matsayin rashin iyawa. Ku tura wa duk mai aikin haɗin gwiwa ya karanta.