Akun da Ayarin Shamuwa Ya Bari

An yi wani Aku mai son nuna ilimi, wanda aka kamo daga kurmin kudu tun yana ƙarami. Ya girma a keji a gidan wani malamin makaranta, ya tsinci Turanci, daga baya ya kuɓuta zuwa daji. Sai dai bai san hanyar gida ba. Kullum da yamma yakan hau tsamiya ya fuskanci kudu, yana tuna kwakwar manja da uwarsa take ba shi a baki.

Da damina ta ƙare, sai Shamuwa, tsohuwa marar yawan magana, ta sauka kusa da shi. Zomo mai tsokana yana kwance a gindin tsamiyar.

Shamuwa ta ce, "Ɗana, gobe da asuba ayarinmu zai koma kudu, kuma ta kurminku za mu bi. Saurara in gaya maka inda za mu taru."

Daɗi ya kama Aku. Ya gyara murya ya ce, "I am all ears, Gwaggo."

Zomo ya ce, "Wane yare ne wannan kuma?"

"Turanci ne. Wato duk jikina ya zama kunne. Haka ake cewa idan mutum ya tattara hankalinsa zai saurara."

"Kai da ko kunne ɗaya ba a gani a kanka? In maganar kunne ce, ni za a nema."

"Jahilci ke damunka. Ba kunnen nama ake nufi ba."

"To, na ƙashi ake nufi?"

Suna cikin musun nan Shamuwa ta faɗi wurin. Ta sake faɗa. Aku ya gyaɗa mata kai, bakinsa na wajen Zomo. Ita kuwa ta ɗauka ya ji, ta tashi abinta.

Da asuba Aku ya farka, ya tuna bai ji wurin taruwar ba. Ya tashi Zomo ya ce, "Don Allah, ina ta ce za su taru?"

Zomo ya yi hamma ya ce, "Ni da kai muke magana, ina zan ji?"

Aku ya duba bakin rafi, ya duba fadama, babu kowa. Sai da rana ta fito ya hango su can sama, sun yi nisa. Ya bi su yana kiran Gwaggo, amma fikafikan da suka girma a keji ba su kai shi ko'ina ba. Ya dawo kan tsamiya, yana kallon ayarin har ya ɓace. Shamuwa kuwa sai wata daminar.

Darasin wannan labari shi ne, cewa kana sauraro ba shi ne sauraro ba. Idan ana gaya maka abin da ka daɗe kana jira, rufe bakinka har mai magana ya gama.