Bakin Cajin Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, maƙaryaci.

Na rantse ba za ku yarda ba! Da dabbobi suka koma hawan babur mai batir, gidan caji biyu ne a dawa, na Kura da na Bushiya.

Dila sarkin wayo ya ce, "Yaya Kura, karya farashi, ki sauya wa babura bakin caji, wayarki kaɗai ta riƙa shiga."

Haka aka yi. Bushiya ta rasa ciniki ta rufe, Dila yana ta bugun ƙirji: "Dabarata ce!"

Ran nan maciji ya sari uwar Dila. Ya goyo ta a babur zuwa wurin mai magani, batir ya mutu a hanya. Kura kuwa ta kulle ta tafi biki, tunda ba mai ƙwace mata ciniki.

Ya turo babur ƙofar Bushiya. "Inna, rufa mini asiri!"

Ta ɗauko tsohuwar wayarta, ta gwada, ta juya, ta sake gwadawa. "Ɗan nan, wuta akwai, bakin ne ba ya shiga."

Uwar ta ce a hankali, "Wane mugun ne ya sauya shi?"

Dila ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba.

Ƙurunƙus kan kusu, yau ko dariya babu.