Tambaya ta Goma Sha Uku

Akwai wani farfesa a birnin Montevideo mai suna Aníbal Techera, masanin halayyar ɗan Adam. Shekara ashirin ya yi yana bincike a kan abin da ke sa matasa su cutar da jikinsu, ko su yi yunƙurin kashe kansu.

Shi ya tsara wata takarda mai tambayoyi goma sha biyu, wadda asibitoci da makarantu ke amfani da ita don gano yaron da ke cikin haɗari. Takardar ta yi suna, shi ma ya yi. Kowace safiya, tun kafin ya kurɓi shayinsa na ganyen mate, sai ya buɗe kwamfuta ya duba masana nawa suka ambaci aikinsa. Ranar da adadin ya ƙaru, kowa a ofis sai ya ji.

Tun rasuwar matarsa su biyu ne a gida, shi da 'yarsa Maite, mai shekara goma sha biyar.

Wata Talata da hantsi aka kira shi daga makarantar Maite. Nas ɗin makarantar ce, wata dattijuwa da ake kira Doña Nélida.

"Malam Techera, ina so ka zo yau."

"Farfesa," ya gyara mata. "Kuma ina da taro ƙarfe biyu."

"To Farfesa, taron ya jira."

Ya iso ransa a ɓace. Yana shiga ɗan ofishinta idonsa ya faɗa kan tarin takardu a tebur. Takardar tambayoyinsa ce, an yi ta kwafinta har rubutun ya kusa gogewa. A ƙasan kowace an ƙara layi ɗaya da biro: "13. Wa za ka iya faɗa wa a gida?"

Nan take ya manta da abin da ya kawo shi.

"Baiwar Allah, wa ya ba ki izinin ƙara wannan? Kin san shekara nawa aka yi ana gwada takardar nan? Kin ma san wanda ya rubuta ta?"

"Ga sunanka nan a ƙasa, ai ina iya karatu," in ji Doña Nélida. "Tambayoyinka suna gaya min yaro na cikin haɗari, na gode. Amma ba sa gaya min hannun wa zan danƙa shi in an tashi daga makaranta. Zauna."

Ta zaro takarda ɗaya daga aljihun tebur ta miƙa masa.

"Sai da na roƙe ta kafin ta yarda ka gani."

Ya gane rubutun Maite. A tambayoyi tara cikin sha biyu ta amsa "E". A ta goma sha uku kuwa ta rubuta: "Babu kowa. Babana yana da aiki da yawa."

Farfesa ya karanta sau uku. Ya cire tabarau, ya mayar, ya kasa ɗaga kai ya kalli matar da ya gama yi wa faɗa. Ana tsakiyar zafin Disamba, don a can lokacin zafi ke nan, amma sai yanzu ya tuna bai ga Maite da riga mai gajeren hannu ba wata da watanni. Wannan alamar, ta masu ɓoye raunin da suka yi wa hannunsu, shi da kansa yake koyar da ita a aji.

"Tana ina?" ya tambaya.

"Tana bayan ƙofa. Kada ka yi mata lacca."

A mota, Maite na gefensa, ya daɗe riƙe da sitiyari bai tayar ba. Duk tambayoyin da ya koya wa ɗaruruwan likitoci sun gudu daga kansa.

"Maite, tun yaushe?"

"Tun Afrilu." Ta kalli taga. "Na sha zuwa ƙofar ɗakin karatunka, Baba. Sai in ga kana aiki, in koma."

"Ki yafe ni," ya ce. Ya yi kuka, ita ma ta yi.

Washegari ya kai ta wurin wata likita da ta taɓa zama ɗalibarsa. Ya zauna a benci a waje cikin sauran iyaye, ɗalibansa na wucewa suna gaishe shi, bai ɓoye fuska ba. Wata takwas ya yi yana zaman nan kowace Laraba, har Maite ta samu sauƙi.

Bayan shekara ya koma makarantar da sabon bugun takardar. Tambayoyin sun zama goma sha uku, kuma sunan nas ɗin, Nélida Barreiro, na kusa da nasa.

Ta duba sama-sama, ta ajiye a gefe.

"To, madalla. Ita yarinyar fa? Ta fara faɗa maka?"

"Ta fara," ya ce. "Jiya har faɗa ta yi min."

Darasi: Duk yawan iliminka da sunan da ka yi a waje, ba za su zauna da ɗanka su saurare shi a madadinka ba. Ka tambayi na gidanka yadda suke, ka tsaya ka ji amsar, in ka ga alamar damuwa ku nemi likita da wuri. Ku tura wa wani uba ko uwa labarin nan, wataƙila yau suke bukatarsa.